Tsofaffin bututan gas za su iya ɗaukar haidirojin lafiya?

Tambaya: "Injiniya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne mai karantar aikin injiniya. Kwanan nan ina yawan cin karo da rubuce-rubuce masu cewa iskar haidirojin ce za ta gaji fetur da gas, har wasu na cewa ba sai an shimfiɗa sabbin bututai ba, za a tura ta ta cikin na gas da ke binne a ƙasa yanzu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bututan mai da na gas ɗin ma ai ba su daina fashewa suna halaka mutane ba, to ina ga haidirojin da ake cewa ta fi su saurin kamawa? Da gaske ta fi haɗari? Tsofaffin bututan za su ɗauka? Kuma in har daga ruwa ake samunta, me ya hana kowa komawa kanta tun tuni?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyi uku ka ɗaure wuri guda: halin ita kanta iskar, juriyar bututun da za a zuba ta, da dalilin da ya sa duniya ba ta rungume ta ba tun da daɗewa. Zan fara da ta ƙarshe don ta fi saurin warwarewa, sannan in zauna sosai kan maganar bututu, domin nan aikina yake, wato duba lafiyar bututan ƙarfe masu ɗaukar gas da babban matsi. Ga matsayina tun daga farko. Ana iya tura haidirojin ta bututu lafiya lau, an kuma daɗe ana yi. Sai dai duk wani lahani da ke kwance a jikin tsohon bututu, wanda gas zai ƙyale shi ya yi shekaru bai motsa ba, haidirojin tana hanzarta shi. Don haka bututun da ba a san tarihinsa ba, ban yarda a zuba masa ita ba.

Ruwa haidirojin ce da ta riga ta ƙone

Idan haidirojin ta ƙone, haɗuwa take yi da oksijin ta saki zafi, abin da ya rage shi ne ruwa. Kafin a dawo da ita daga ruwan nan dole a biya ƙarfin da ta saki, har da ƙari, tunda babu na'urar da ba ta asara. Injinan da ke raba ruwa da lantarki a yau suna cin kilowat-awa 50 zuwa 55 kafin su fitar da kilo ɗaya, alhali makamashin da ke cikin kilo ɗayan kimanin kilowat-awa 33 ne. Shi ya sa motar da aka ce da ruwa zalla take tafiya, akwai wani abin da ke tura ta, ko batir ko mai. Aikin haidirojin shi ne ajiye makamashin da aka samo daga wani wuri da kuma ɗaukarsa zuwa inda ake so.

Duniya tana samar da tan miliyan 95 da ɗoriya na haidirojin a shekara, kuma kusan dukkanta daga iskar gas da kwal ake fitar da ita. Hanyar da ta fi yawa ita ce a haɗa gas da tururi mai tsananin zafi, kowane kilo ɗaya na haidirojin kuwa yana fitowa tare da kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon dayoksaid. Wadda ake samarwa ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Masu shan wannan ɗimbin haidirojin su ne matatun mai, da ke cire farar wuta daga mai da ita, da masana'antun takin zamani, da ke yin amoniya da ita. Rabon motoci a ciki bai taka kara ya karya ba.

A kan sikeli babu abin ƙonawar da ya kai ta: kilo ɗaya yana ɗauke da megajul 120, na fetur kuwa 44 ne ko kusa da haka. A wajen cin wuri ne take faɗuwa. Idan ka cika tanki biyu masu girma ɗaya da matsi ɗaya, na haidirojin zai ɗauki kusan sulusin makamashin da na gas ya ɗauka. Dalilin ke nan da motoci irin su Toyota Mirai, da ta fito a 2014, suke matse ta har bar 700, wato sau 700 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Mai son ya mayar da ita ruwa-ruwa kuma sai ya sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Ka riƙe wannan sulusin, zai dawo mana a maganar bututu.

Halinta idan ta kuɓuce

Iskar gas tana kamawa ne idan yawanta a cikin iska ya faɗa tsakanin kashi 5 da 15 cikin 100. Haidirojin kuwa daga kashi 4 har zuwa 75. Tartsatsin da zai kunna ta ƙarami ne ƙwarai, kimanin milijul 0.02, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wanda gas ke buƙata. Ɗan lantarkin da ke taruwa a jikin tufafi ya isa. Harshen wutarta yana gudu sau bakwai ko fiye da na gas, saboda haka a wuri rufaffe ko mai cunkoson kaya ƙunarta tana saurin rikiɗewa ta zama fashewa. Idan kuma ta fito kwatsam daga babban matsi, takan kama da kanta ba tare da an ga abin da ya kunna ta ba.

Ba ta da wari, ba ta da launi, ƙaramar wutarta ma da kyar ake ganinta da rana, kuma ba ta watsa zafi nesa yadda za ka ji a jikinka ka ja da baya. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, a da tsintsiya suke miƙawa gabansu suna tafiya, idan bakinta ya kama sun san akwai wuta a wurin. Yanzu akwai kyamarori da na'urorin da ke hango irin wannan wutar.

Maganar wari tana da tarihi mai ɗaci. A watan Maris na 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Tekzas, ya fashe ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu yara. Daga nan aka wajabta zuba wa gas sinadari mai ɗoyi. Sinadarin nan yana ɗauke da farar wuta, ita kuwa tana lalata na'urar da ke mayar da haidirojin lantarki a cikin mota. Haidirojin da za a ƙona a murhu ana iya sa mata wari, wadda za ta shiga waccan na'ura dole ta zo da tsabtarta, sai a dogara ga na'urorin sansano yoyo. Abin lura, wata biyu bayan bala'in makarantar ne jirgin sama mai kumbo na Jamus, Hindenburg, wanda aka cika da haidirojin, ya ƙone a Amurka, mutum 36 suka mutu, har da ɗaya da ke ƙasa. Daga cikin mutum 97 da ke cikinsa 62 sun tsira. Hoton Hindenburg ne ya zauna a zukatan mutane, ko da yake gas ɗin da ya fashe a makarantar ya kashe ninkinsu sau takwas.

A yi mata adalci, tana da halin da ke taimaka mana. Ta fi iska rashin nauyi kusan sau 14, don haka a fili sama take yi ta watse nan da nan. Fetur yana malala ya kwanta a ƙasa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, yana rarrafe ya cika kwari. Haka ta faru kusa da Ufa a Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1989: bututu ya yi yoyo, gas ya taru a wani kwari, jiragen ƙasa biyu na fasinja suka gifta juna a wurin, mutum 575 suka halaka. Haidirojin ba za ta zauna a kwari haka ba. Amma wannan tashin nata shi ne kuma sharrinta a cikin gini, inda take taruwa ƙarƙashin rufi, kamar yadda aka gani a gine-ginen tashar nukiliya ta Fukushima a 2011. Saboda haka a ɗakin da ke da haidirojin, mafitar iska da na'urar sansano yoyo a can ƙololuwar rufi ake sa su.

Kada kuma a ɗauka fili ya gama magana. A watan Yunin 2019 wani gidan sayar da haidirojin a Sandvika kusa da birnin Oslo ya fashe, bincike ya nuna ƙusoshin murfin wani tanki mai babban matsi ne ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Ba a rasa rai ba, amma ƙarfin fashewar ya buɗe jakunkunan iska na motocin da ke wucewa. Wata ɗaya kafin nan a Gangneung ta Koriya ta Kudu, oksijin ya kutsa cikin tankin haidirojin, mutum biyu suka mutu. To da ka ce ko ta fi haɗari, amsata ita ce, a fili sau da yawa ta fi fetur da gas ɗin tukunya sauƙi, a cikin gini ta fi gas haɗari, kuma a ko'ina ba ta yafe ƙaramin sakaci.

Abin da take yi wa ƙarfe

Nan ne asalin maganar. Ƙwayar haidirojin tana cikin mafiya ƙanƙanta a duk sinadarai. Idan ta taɓa fuskar ƙarfe wadda ba ta da wani rufi, takan rabu gida biyu, kowane ɓari ya nutse cikin ƙarfen ya yi ta yawo a tsakanin ƙwayoyinsa. Ba ko'ina yake tsayawa ba. Yana taruwa inda ƙarfen ya fi shan ja, wato a bakin tsaga, a gindin walda, a wurin da wani abu ya karce bututun. Can yake rage wa ƙarfen iya miƙewa, sai ƙarfen da ya saba lanƙwasawa kafin ya karye ya koma mai tsagewa. Tun 1875 wani masani ɗan Ingila, W. H. Johnson, ya bayyana wannan. Mu ma masu aikin gas mun san shi tun kafin a fara wannan yayin: gas mai ɗauke da farar wuta yana tsattsaga ƙarfe ta wannan hanyar, kuma ɗan lantarkin da muke saka wa bututu don hana shi tsatsa, idan ya yi yawa, shi da kansa yana haifar da haidirojin a bayan bututun.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bututu lafiyayye, na ƙarfe mai matsakaicin ƙarfi, da ke aiki da matsi tsayayye, haidirojin ba ta cika damunsa ba. Wanda ke ɗauke da tsaga shi ne abin tsoro, ta fuska biyu. Ta farko, duk lokacin da matsi ya hau ya sauka, tsagar tana ɗan ƙara tsawo, kuma gwaje-gwaje sun nuna a cikin haidirojin wannan tafiyar tana iya ninkawa sau goma ko fiye. Ta biyu, girman tsagar da bututun zai iya jurewa kafin ya tsage gaba ɗaya yana raguwa. Ka haɗa biyun, sai ka ga tsagar da lissafi ya ba ta shekaru da dama a ƙarƙashin gas ta koma mai 'yan shekaru. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan illar ba ta jira sai haidirojin ta yi yawa. A bututu mai babban matsi, ɗan kason da aka gauraya ma yana kawo babban ɓangare nata. Wanda ya ce kashi 5 ko 10 ne kawai, don haka ba sai an binciki ƙarfen ba, bai fahimci lamarin ba.

Abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na ɗalibi, ƙarfen da ya fi ƙarfi da tauri shi ya fi rauni a gabanta. Don haka bututan haidirojin na masana'antu galibi da ƙarfe mai daraja X52, wato mai matsakaicin ƙarfi, ko ƙasa da haka aka yi su. Ƙa'idar bututan gas tana yarda a ja ƙarfe har kashi 72 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa a wurin da babu jama'a. Ƙa'idar da aka rubuta don haidirojin, ASME B31.12, wadda ta fara fitowa a 2008, tana tsayar da kai a rabi ko ƙasa da haka, sai fa idan ka gwada ƙarfen naka a cikin haidirojin ka kawo hujja. Tana kuma sa iyaka mai tsauri kan taurin walda.

Masu cewa an daɗe ana yi, gaskiya suka faɗa. Tun 1938 aka shimfiɗa bututun haidirojin a yankin Rhine da Ruhr na Jamus, yau tsawonsa ya kai kilomita 240. Amurka tana da kimanin kilomita 2,600, yawanci a gaɓar tekun Tekzas da Luwiziyana. Duniya gaba ɗaya wajen kilomita 5,000 ne, a gefen manyan bututan gas da suka haura kilomita miliyan ɗaya. Amma ka dubi irin bututan: ƙanana ne, ƙarfensu mai sauƙi, tun farko don haidirojin aka yi su, suna haɗa masana'anta da masana'anta da matsin da ba ya yawan sauyawa. Babban bututun gas ba haka yake rayuwa ba. Rumbu ne shi ma, ana cusa masa gas lokacin da buƙata ta yi ƙasa, a zuƙe lokacin da ta tashi, matsinsa yana hawa yana sauka kullum. Idan kuma haidirojin daga lantarkin rana da iska za ta fito, hawa da saukar zai ƙaru, tunda samuwarta ma hawa da sauka take yi. Kyakkyawan tarihin waɗancan kilomita 5,000 ba shaida ba ce kai tsaye ga waɗannan.

Sai sulusin nan da na ce ka riƙe. Don a kai makamashi ɗaya, dole iskar da ke wucewa ta ninka kusan sau uku. Da yake ba ta da nauyi tana gudu cikin sauƙi, har bututu ɗaya zai iya kai wajen kashi 80 cikin 100 na makamashin da yake kaiwa da gas. Amma injinan matse gas da ke kan hanya ba za su iya ba, sai an sauya su. Haka bawul, robobin haɗi da mitoci, kowanne sai an sake dubawa. A wurin aiki na ga haɗin da ya ci gwajin nitirojin da kumfar sabulu, da aka gwada shi da hiliyom, mai ƙananan ƙwayoyi kamar na haidirojin, sai ga yoyo.

Abin da ke fasa bututu a zahiri

Idan ka karanta rahotannin binciken haɗurra, dalilan 'yan kaɗan ne suke maimaituwa: injin haƙa ƙasa, tsatsa, lahanin walda ko na ƙira, zaftarewar ƙasa, kuskuren masu sarrafawa, da masu huda bututu don sata.

A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, injin aikin gini ya karce wani babban bututun gas, aka rufe ƙasa aka ci gaba da aiki. Makonni bayan haka, ranar 30 ga Yulin 2004, ya fashe ya kashe mutum 24, har da 'yan kwana-kwanan da aka kira su duba yoyon. Irin wannan rauni, lotsawa haɗe da karcewa, shi ne mafi muni idan haidirojin ce a ciki, domin ƙarfen wurin ya taurare ga kuma ƙananan tsagu. Shi ya sa ƙasashe da dama suka wajabta a kira kafin a haƙa, a Amurka lambar ita ce 811. Ni kuwa na fi damuwa da direban da ya taɓa bututu ya ɓoye don tsoron hukunci. Tsarin da ke sa shi ya yi shiru yana binne haɗari ne ga wasu.

San Bruno a Kalifoniya ita ce misalin da nake so ka riƙe fiye da sauran. A watan Satumbar 2010 bututun gas mai faɗin inci 30, da aka binne a 1956, ya fashe a tsakiyar unguwa, mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Takardun bututun sun ce ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa. Da aka tono, sai aka tarar da guntayen bututu masu ɗinki, har da wanda ta waje kawai aka yi wa waldar. Ga shi kuma sai da aka yi minti 95 kafin a tsayar da gas, saboda bawul ɗin da hannu ake rufe su. Duk lissafin lafiyar da aka yi wa wannan bututun a kan bayanin ƙarya aka gina shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a aikinmu. Na taɓa tsayawa a bakin ramin da aka tono kan wani bututu da takardunsa suka ce ba a taɓa yi masa gyara ba, sai ga faci an liƙa masa da walda, babu wanda ya san wa ya yi ko yaushe. Da muka auna taurin waldar, ya zarce abin da ƙa'ida ta yarda da shi. A ƙarƙashin gas ya zauna shiru tsawon lokaci. Da haidirojin ce a ciki, ba zan sa hannu a kan ya ci gaba da aiki ko na kwana ɗaya ba.

Sata kuwa ta ci rayuka masu yawa: sama da mutum 1,000 a Jesse ta Najeriya a 1998, da mutum 137 a Tlahuelilpan ta Meziko a 2019, duka wurin kwasar fetur daga bututu. Haidirojin ba ta ɗebuwa a jarka, don haka ba za ta tara taron jama'a irin wannan ba. Amma wanda ya huda bututunta bisa zaton na mai ne, mai yiwuwa wutar ta kama a take. Alamomi a kan hanyar bututu da sanar da mazauna kusa abin da ke ciki suna da muhimmanci a nan fiye da da.

Gaurayawa, sauyawa, ko sabon bututu

Zaɓin farko shi ne a gauraya ta da gas. Wannan ba sabo ba ne. Gas ɗin da Birtaniya ta yi ta amfani da shi a gidaje kafin ta koma gas na ƙarƙashin teku tsakanin 1967 da 1977, kusan rabinsa haidirojin ne, haka kuma gas ɗin birnin Hong Kong yake har yau. Daga 2019 zuwa 2021 an gwada kashi 20 cikin 100 a Jami'ar Keele ta Ingila, a gidaje 100 da gine-gine 30, ba tare da sauya murhu ba. A ƙananan bututan cikin gari, masu ƙaramin matsi, musamman na roba, matsalar tsagewar ƙarfe ba ta da yawa, abin dubawa shi ne haɗe-haɗe, mitoci da kayan cikin gida. Sai dai ka yi lissafin ribar: kashi 20 na cin wuri kashi 7 ne kacal na makamashi, don haka iskar kabon dayoksaid da ake fitarwa ma da kashi 7 za ta ragu. A ganina wahalar ta fi ladan, musamman idan gaurayen zai bi ta manyan bututan ƙarfe da ba a bincika ba.

Kai haidirojin zalla cikin gidaje kuwa ban goyi bayansa ba. A gida ne ake da rufi, da haɗe-haɗe masu yawa, da mutanen da ba a horar ba. Birtaniya ta shirya gwada haka a Whitby da Redcar, ta soke duka biyun a 2023, na farko saboda mazauna sun ƙi, na biyu saboda ba a samu haidirojin da za a ba su ba. Ƙananan motoci ma batir ya sha gabanta: daga lantarkin da aka fara da shi, kusan sulusi ne ke isa taya idan aka bi ta haidirojin, ta batir kuwa kashi 70 zuwa 80. Wurin da take da amfani na gaske shi ne inda lantarki ba zai iya ba kai tsaye: takin zamani, narkar da tama, matatun mai, man jiragen ruwa da ake haɗawa daga gare ta, da ajiya mai tsawo a kogunan gishiri, irin wadda ake yi a Teesside ta Ingila tun shekarun 1970. Duk waɗannan manyan masu saye ne 'yan kaɗan, a wurare sanannu, masu ƙwararrun ma'aikata. Wata fa'idar ke nan ta fuskar tsaro. Yoyo ma yana da lissafinsa na daban, domin haidirojin da ta tsere sama tana tsawaita zaman iskar gas a sararin samaniya, ta ƙara ɗumamar yanayin da ake son ragewa.

Zaɓi na biyu shi ne a sauya tsohon babban bututu gaba ɗaya ya koma na haidirojin, kuma nan Jamus ta sa gaba. A watan Oktoban 2024 ta amince da tsarin kilomita 9,040, kimanin kashi 60 cikin 100 tsofaffin bututan gas ne, da burin kammalawa a 2032. Sauyawa ta fi sabon gini arha nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sonta, kuma idan an bi matakanta daidai ne. Amma a faɗi gaskiya, ƙwarewar duniya a kan manyan bututai masu faɗi da aka sauya har yanzu ƙarama ce. Mafi yawan abin da muke dogaro da shi daga ɗakin gwaji ya fito, shekarun aiki a ƙasa ne za su tabbatar da shi. Ni ma abin da na faɗa maka ƙa'idoji ne na gama-gari, hukunci a kan wani bututu takamaimai sai an je kansa an auna.

Idan wata rana aka sa ka a irin wannan aikin, ga abin da za ka nema kafin ka sa hannu. Takardun ƙarfen da na walda, kuma a tono a yanko samfuri a tabbatar sun dace da abin da ke ƙasa, a gwada samfurin a cikin haidirojin. A tura na'urar bincike ta cikin bututun, ka kuma tambayi wace iri ce: mai aiki da maganaɗisu ta ƙware wajen gano inda tsatsa ta ci, amma siririyar tsaga tana iya wuce ta, tsaga tana da nata na'urorin. A yi wannan binciken tun gas yana ciki, domin haidirojin tana lalata irin maganaɗisun da ke cikin na'urorin idan ba a killace shi ba. Duk lotsawa mai karcewa da duk walda mai tauri a yanke a sauya. A gwada bututun da ruwa a matsin da ya haura na aiki. A rage matsin aikin, a sa iyaka kan yawan hawa da saukarsa, a rubuta iyakar a ɗakin sarrafawa inda masu aiki za su gani. A sa bawul masu rufe kansu ko waɗanda ake rufewa daga nesa a duk inda bututun ya ratsa jama'a. A kuma koya wa masu sarrafawa cewa idan matsi ya faɗi ba dalili, rufewa ake yi a bincika. A Ufa da suka ga matsi ya faɗi, ƙara turawa suka yi.

Ɓangaren da takardunsa suka ɓata kuma ba za a iya tura masa na'urar bincike ba, saboda lanƙwasa ko sauyin faɗi, a cire shi daga shirin a shimfiɗa sabo a wurinsa, ko da kuwa hakan zai jinkirta aikin.